Yadda ake neman aikin kwamfuta a Abuja tare da zaɓen gidan da hanya ba za ta cinye albashi ba

Matashin da ya taso daga Kano ko Zariya ko Sakkwato da niyyar yin aikin fasahar sadarwa a Abuja yakan zo da tunani ɗaya, wato ya samu aikin, yana ganin cewa wurin kwana ba ya gagara. Na shafe shekaru ina haɗa netwok da kula da na'urorin ofisoshi a wannan birni, na canza gida sau huɗu, na kuma sauki ƙanne da ɗalibai da dama har suka tsaya da ƙafafunsu. Abin da na gani a kaina da kuma a kansu shi ne, a Abuja aiki da gida lissafi ɗaya ne, kuma akwai jerin da ake bi: a samu aiki, a sauka a masaukin wucin gadi, a gwada hanya, sannan a biya haya. Duk wanda ya sauya wannan jeri yakan biya kuɗin kuskurensa shekara guda cur, domin a nan haya ta shekara ake karɓa gaba ɗaya.

Abubuwan da za ka tanada kafin ka taso

Ka fara da takardu. Kana buƙatar CV da Turanci wanda bai wuce shafi biyu ba, da shaidar kammala karatu, da takardar gama bautar ƙasa ko ta yafewa, da lambar NIN, da takardar shaidar ƙaramar hukumarka, wadda ba a yin maganar aikin gwamnatin tarayya sai da ita. Ka ɗauki hoton kowace ka adana a imel ɗinka, ka kuma riƙe na asali a jaka ɗaya.

Bayan takardu sai shaidar cewa hannunka ya iya aikin. Mai rubuta manhaja ya tara ayyuka biyu ko uku masu aiki da gaske a GitHub, shafin da masu manhaja ke ajiye ayyukansu, mai haɗa netwok kuma ya tara hotunan wuraren da ya shimfiɗa kebul da zanen tsarin da ya yi, bayan ya nemi izinin masu wurin. Shaidar ƙwarewa irin su CCNA ko CompTIA A+ ko ta AWS tana buɗe ƙofa, amma da dala ake biyan jarrabawarta. Idan kuɗin bai samu ba tukuna, ka yi darussan kyauta na Cisco Networking Academy, ka saba da Packet Tracer, manhajar gwada haɗa netwok a kwamfuta, ko ka nemi gurbi a shirin horar da matasa fasaha na 3MTT da ma'aikatar sadarwa ta tarayya ta ƙaddamar a 2023, sannan ka rubuta a CV cewa kana shirin jarrabawar.

Sauran kayan su ne kwamfutar hannu mai batir mai rai, da fawa bank, da layukan waya biyu na kamfanoni daban-daban, da ƙaramin littafin rubutu wanda za ka ga amfaninsa a mataki na shida, da kuɗin da zai riƙe ka wata uku ba tare da albashi ba.

Mataki na 1: Ka san wa ke ɗaukar ma'aikata, kuma ina ofishinsa yake

Abuja ba Legas ba ce. Manyan hedikwatocin bankuna da kamfanonin hada-hadar kuɗi ta intanet suna Legas, don haka mai son aikin rubuta manhaja zalla zai fi samun kasuwa a can ko a aikin da ake yi daga gida. Abin da ke tafiyar da Abuja shi ne gwamnati, da ƙungiyoyin agaji, da ofisoshin jakadanci, da kamfanonin da ke yi musu kwangila, sai otal-otal da asibitoci da makarantu masu zaman kansu. Irin ma'aikacin da waɗannan suka fi nema shi ne mai kula da na'urorin ofis, da mai haɗa netwok, da mai tsara bayanai, da mai tsaron bayanai, wanda kasuwarsa ta ƙaru tun da aka sa hannu a dokar kare bayanai ta ƙasa a 2023.

Ka buɗe taswira ka sa alama a kan wuraren. Hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA tana Area 11 a Garki, hukumar kula da kamfanonin sadarwa ta NCC tana Maitama, Galaxy Backbone mai haɗa wa gwamnati netwok tana Wuse 2, NIMC mai ba da lambar NIN tana Wuse Zone 5, NIGCOMSAT mai kula da tauraron ɗan adam tana kan hanyar filin jirgin sama, ginin Majalisar Ɗinkin Duniya kuma yana tsakiyar birni. Ƙungiyoyi da ƙananan kamfanoni sun fi yawa a Wuse 2, Maitama, Jabi, Utako, Garki da Asokoro. Wannan taswira ce za ta gaya maka daga baya wane ɓangaren gari ya kamata ka nemi gida.

Gargaɗina a nan guda ne: kada ka tattara kayanka ka taho don wani ya yi maka alkawarin gurbi a hukumar gwamnati. Ɗaukar aiki a hukumomi yana ɗaukar watanni, wani lokaci shekaru, kuma duk wanda ya ce ka biya kuɗi a ba ka takardar kama aiki, to kuɗinka yake nema. Ƙofar da ta fi buɗewa ga sabon shiga ita ce ta 'yan kwangilar da ke yi wa hukumomin aiki. Wanda kuma gyaran kwamfuta da waya ne sana'arsa, ya leƙa Banex da ke Wuse 2, domin da yawa daga can suka fara har suka samu ofisoshin da suke kula da na'urorinsu.

Mataki na 2: Ka nemi aikin tun kana gida

Zama a Abuja ba aiki yana cin kuɗi da sauri, saboda haka ka yi neman daga inda kake cin tuwon gida. Ka gyara shafinka na LinkedIn, ka riƙa duba Jobberman da MyJobMag kowace safiya, ka ƙara da ReliefWeb idan aikin ƙungiyoyin agaji kake so. A wasiƙar neman aiki ka faɗa ƙarara cewa kana Kano, misali, amma a shirye kake ka koma Abuja cikin mako biyu da kuɗinka. Wasu sukan ari adireshin ɗan uwa su ce suna Abuja. Ban ba da wannan shawara ba, domin ana iya kiran ka da ƙarfe huɗu na yamma a ce ka zo ƙarfe tara na safe, alhali tsakaninka da birnin fiye da kilomita 400 ne.

Kada ka raina tsofaffin abokan karatu da waɗanda kuka yi bautar ƙasa tare. Guraben kula da na'urori da yawa ba a tallata su, shugaban sashe ne yake tambayar ma'aikatansa ko sun san yaro mai hankali.

Idan saƙo ya shigo wayarka ana gayyatar ka intabiyu a kamfanin da ba ka nema ba, babu sunan muƙami, ko aka ce ka zo da kuɗin fom ko na horo, ka share shi. Idan kuwa gayyatar ta gaske ce kuma ido da ido za a yi, ka iso kwana ɗaya kafin ranar, ka je ka ga ƙofar ofishin da yammacin nan.

Mataki na 3: Tambayoyin da za ka yi kafin ka sa hannu

Nan ne sababbi suke jin nauyi, suna tsoron kada a ce sun cika tambaya. Ka yi tambayarka cikin ladabi bayan an ce an ɗauke ka, domin amsoshin su ne za su zaɓa maka unguwa.

Tambaya ta farko kuma mafi muhimmanci ita ce, a ina takamaimai zan riƙa zama kullum? A sana'armu sau da yawa kamfani yana Wuse 2, amma ma'aikacin a ofishin abokin cinikinsu za a ajiye shi, a Idu ko a hanyar filin jirgi ko ma a Gwagwalada. Daga nan ka tambayi ƙarfe nawa ake shiga da tashi, ko akwai aikin dare ko na ƙarshen mako, ko ana kiran mutum cikin dare idan saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan ofis, ta tsaya, kuma wa ke biyan kuɗin motar irin wannan fita. Ka tambaya ko akwai motar ma'aikata da hanyar da take bi, ko ana yarda a yi wasu ranaku daga gida, ko kamfanin yana ba da rancen haya a riƙa cira a albashi.

Sannan ka bambance albashin da aka rubuta da wanda zai shigo asusunka. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire wa ma'aikaci aƙalla kashi 8 cikin 100, kamfani ya ƙara kashi 10, ga kuma haraji. Ka nemi a gaya maka adadin da zai shigo hannu, domin da shi za ka yi lissafi. Kada ka ajiye aikin da kake yi, kada kuma ka sayar da komai, sai takardar ɗaukar aiki mai sa hannu ta zo hannunka.

Mataki na 4: Ka sauka a wurin wucin gadi

Ka ba kanka wata ɗaya zuwa biyu a gidan ɗan uwa ko aboki. Tun ranar farko ka faɗa wa mai masaukinka ranar da kake sa ran tashi, ka kuma riƙa sa hannu a kuɗin katin wuta da cefane, domin shi ma da lissafi yake zaune. Idan ba ka da kowa, ka tambayi abokan aiki ko akwai mai neman wanda za su raba ɗaki, ko ka nemi ɗakin da ake biya wata-wata, ko da ya ɗan fi tsada. Yawancin kamfanoni suna sa sabon ma'aikaci a gwaji na wata uku zuwa shida, kuma wannan ma dalili ne na jinkirta ɗaure kai da hayar shekara.

Mataki na 5: Ka fahimci hanyoyin shiga birni

Yawancin ma'aikatan Abuja ba a cikinta suke kwana ba. Da safe kowa yana kwararowa ciki, da yamma kowa yana fita, kuma ta manyan hanyoyi uku ake yin wannan.

Ta gabas akwai hanyar Keffi, wadda ta tashi daga mahaɗar AYA ta bi ta Kugbo, Karu, Nyanya, ta shiga Mararraba, Ado da Masaka a jihar Nasarawa. A nan haya ta fi araha, abinci ya fi sauƙi, ga 'yan uwa Hausawa ko'ina, don haka nan ne zuciyar baƙo take fara karkata. A taswira ma Mararraba ta fi Kubwa kusa da tsakiyar birni. Amma jama'ar da ke bin wannan hanya sun fi ƙarfinta, kuma tafiyar da za ka yi cikin rabin sa'a ranar Lahadi tana iya cin sa'a biyu ranar Litinin.

Ta arewa maso yamma akwai babbar hanyar Kubwa, mai bi ta Gwarinpa, Dawaki, mahaɗar Dutsen Alhaji, Kubwa, Dei-Dei, Zuba, har Madalla da Suleja a jihar Neja. Hanya ce mai faɗi, mota tana gudu, kuma ita ta fi dacewa da mai aiki a Maitama, Wuse, Jabi ko Utako. Ta kudu maso yamma kuma akwai hanyar filin jirgin sama, mai bi ta Lugbe, ta ba da reshe zuwa Kuje, ta wuce zuwa Gwagwalada, wadda ta dace da mai aiki a Garki ko tsakiyar birni. Ga waɗannan akwai kuma Apo, Lokogoma da Galadimawa, da tsofaffin ƙauyukan da birni ya kewaye irin su Durumi, Mabushi, Jahi da ƙauyen Garki, inda ɗaki yake ƙarami amma ofis yake kusa.

Ƙa'idar da nake ba kowa ita ce, ka zauna a ɓangaren da ofishinka yake, kada ka ratsa birni. Na koyi wannan da tsada. A zuwana na farko na biya hayar shekara a Masaka kafin in samu aiki, don na ga ɗaki mai kyau da araha, sai aikin ya zo a Jabi. Kullum mota uku nake shiga, ina fita gida ana kiran assalatu, in yi sallar asuba a hanya, in dawo bayan isha'i. Wata rana da ƙarfe goma sha ɗaya na dare aka kira ni cewa intanet ɗin ofis ya ɗauke, shatar da na ɗauka a daren nan ta cinye kuɗin motata na mako guda, gyaran kuwa bai wuce minti goma ba.

Ka san kuma abin hawan da ake da shi. An hana acaba a tsakiyar birni tun 2006, a-daidaita-sahu ma unguwanni aka keɓe masa, don haka abin da talaka ke shiga shi ne tasin haɗaka da ake kira alon, da manyan bas, da motocin ma'aikatan da ke ɗaukar fasinja a hanyarsu don rage kuɗin mai. Bolt da inDrive, tasin da ake kira ta waya, na ranar larura ne, ba na kullum ba. Jirgin ƙasa na cikin birni, wanda aka buɗe a 2018 aka kuma dawo da shi aiki a watan Mayun 2024, yana haɗa tsakiyar birni da Idu da filin jirgi, da wani reshe daga Idu zuwa Gbazango a Kubwa. Yana da amfani idan gidanka da ofishinka duk suna kusa da tasha, amma ka je tashar da kanka ka kwafi jadawalin kafin ka dogara da shi.

Mataki na 6: Ka gwada hanyar da jikinka

Bayan ka ware unguwanni biyu ko uku, kada ka yarda da maganar dillali cewa minti ashirin ne zuwa gari, domin da tsakar rana ya auna. Taswirar Google ma lokacin tuƙi take nunawa, ba ta lissafa tsayuwar jiran mota. Gani ya kori ji. Ka kwana a unguwar idan da hali, ko ka je da sassafe, ka tsaya a ƙofar gidan da kake so a daidai lokacin da za ka riƙa fita, ka kama hanya zuwa ofis.

A littafinka ka rubuta abu huɗu: minti nawa daga ƙofar gida zuwa bakin titi, minti nawa ka jira mota, mota nawa ka canza, nawa ka kashe. Ka yi haka safiyar Litinin, ka sake yammacin Juma'a, idan damina ce ka ƙara da ranar da aka yi ruwa, domin a ranar motoci sukan yi ƙaranci, kuɗi ya hau. Ka tsaya ƙarƙashin gadar Mararraba ko ta Nyanya da ƙarfe shida na safe ka ga yadda mota ɗaya take rage gudu mutum goma su rufe ta, kowa ya rungume jakarsa a ƙirji, sannan ka tambayi kanka ko za ka iya wannan da kwamfutar ofis a hannu kwana biyar a mako. Abin da na fi dubawa shi ne yawan canjin mota. Tafiya mai nisa a mota ɗaya ta fi gajeriya mai mota uku sauƙi, ga jiki da aljihu duka.

Akwai kuma maganar tsaro. 'Yan wan-cans, masu ɗaukar fasinja su yi masa fashi a cikin mota, sun fi samun wanda ya tsaya shi kaɗai a bakin titi da duhu. Ka shiga mota a tasha ko inda ake lodi, ka guji mai baƙin gilashi, ka sa kwamfutarka a jakar da ba ta nuna abin da ke ciki, ka kuma kulle bayanan da ke kanta da kalmar sirri. Ga 'yan uwa mata wannan batu ya isa ya sa a zaɓi gida mafi kusa ko da ya fi tsada.

Mataki na 7: Ka haɗa lissafin

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya zama babban kaso na albashi, don haka ba a kwatanta haya da haya kawai. Ga misali, ka sa naka alƙaluman a madadin nawa. A ce daga gida mai nisa kana kashe naira 3,000 zuwa da dawowa. A kwanakin aiki 22 ya zama 66,000 a wata, 792,000 a shekara. Daga gida na kusa kuma a ce 1,200 ne, wato 26,400 a wata, 316,800 a shekara. Bambancin ya kai 475,200, ma'ana gidan kusa ko da ya fi na nesa tsada da naira 400,000, shi ne mai araha.

Sai lissafin lokaci. Sa'a uku a hanya kullum sa'a 66 ne a wata, fiye da kwanakin aiki takwas. A sana'ar da sai kana karatu kullum kake ci gaba, waɗannan sa'o'in su ne na shirin jarrabawar da za ta ɗaga albashinka. Ni abin da nake ɗauka mai yiwuwa shi ne sa'a ɗaya ko ƙasa da haka daga ƙofa zuwa ƙofa, da mota ɗaya ko biyu. Idan kuɗin hayar kusa ya gagara, ku haɗu ku biyu ku kama gida. Idan kuma kwana biyu kawai kake zuwa ofis a mako, nisa ba ya da illa sosai, sai ka fifita wuta da intanet.

Mataki na 8: Duba gida da biyan kuɗi

Ma'aikacin kwamfuta yana duba abin da wani ba zai duba ba. Ka shiga cikin ɗakin, ka rufe ƙofa, ka gwada saurin intanet a layukanka biyu, domin sabis na tsakar gida daban, na cikin ɗaki daban. Ka tambayi mai shagon unguwa, ba dillali ba, sa'a nawa AEDC, kamfanin rarraba wutar Abuja, ke ba su wuta. Ka tambayi rukunin da layin wutar unguwar yake: rukunin A an yi masa alkawarin aƙalla sa'a 20 a rana, amma a watan Afrilun 2024 an ɗaga kuɗinsa zuwa naira 225 kowane yunit, saboda haka wutar tana da yawa, katin ma yana ƙarewa da wuri. Ka tabbatar ɗakinka yana da mitarsa, domin mitar haɗaka tushen rigima ce. Idan wutar unguwar ba ta da ƙarfi, ƙaramin sola da inbata da zai riƙe kwamfuta da rauta ya fi janareto sauƙin riƙewa.

Ka duba ruwa, ko famfo ne ko burtsatse ko sai 'yan garuwa. Ka duba gindin katanga ko akwai layin da ruwa ya bari, musamman a wasu sassan Lugbe da Lokogoma da ambaliya ke taɓawa. A ƙauyukan cikin birni kuma ka duba ko an shafa wa ginin jan fenti na rusau, ka tambayi maƙwabta.

Bayan kuɗin haya akwai la'adar dillali, wadda galibi kashi 10 cikin 100 ce, da kuɗin lauya, da kuɗin ajiya na ɓarna, wani wurin har da kuɗin shara da tsaro. Ka nemi jimillar a rubuce. Kada ka tura ko sisi sai ka ga mai gidan ko lauyansa, ka biya ta banki cikin asusun da sunansa ya dace da na yarjejeniya, ka karɓi rasit, ka ɗauki hoton kowane lungu na ɗakin kafin ka shigar da kaya.

Mataki na 9: Watannin farko

Da zarar ka zauna, ka nemi maƙwabcin da ke da mota kuma hanyarku ɗaya, ku yi yarjejeniyar kuɗin mai na wata. Bayan an tabbatar da kai a aiki, ka roƙi shugabanka ya bar ka ka riƙa shiga ƙarfe bakwai ka tashi ƙarfe huɗu. Sashenmu yakan samu wannan sassauci, domin kowane ofis yana son a ce an duba na'urori kafin sauran ma'aikata su iso. Ka kuma sanar da sashen albashi adireshinka na gaskiya, domin harajin albashi jihar da mutum yake zaune ake biya wa, kuma Mararraba da Suleja ba cikin Abuja suke ba.

Mai iyali kada ya yi gaggawar ɗauko su sai ya gama gwaji ya kuma ga makarantar yara a hanyar da yake bi. Wasu abokan aikina sun bar iyalansu a Kaduna, suna hawa jirgin ƙasan da aka buɗe a 2016 daga Idu ko Kubwa zuwa tashar Rigasa ta Kaduna ranar Juma'a, su dawo Lahadi, kuma ga mai irin wannan tsari ɗaki ɗaya a Kubwa ya wadatar. Idan saura wata uku hayarka ta ƙare, ka ɗauko littafin nan ka sake auna hanyar da kuɗinta, ka tambayi ofis ko akwai shirin mayar da kai wani wurin aiki, sannan ka gaya wa mai gida ko za ka sabunta.